Kafin Ki Buɗe Foldar Farko a Bawku

Salaga

Zuwa ga 'yata Hamdiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Bawku lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na sa ta a aljihun jakar kwamfutarki inda caja take, don na san nan hannunki zai fara shiga.

Ranar da kike ninke kaya kin tambaye ni ta ina za ki fara, na ce sai an jima, baƙi suka shigo, maganar ta wuce. Ban manta ba. Amsar ce ba ta tsaye a bakin ƙofa ba. A Tamale, lokacin bautar ƙasa, kin yi aiki a kan manhajar da wasu suka riga suka kafa, kin tarar da komai a wurinsa kika ɗora naki. Ƙungiyar masu albasa da ta ɗauke ki ba ta da komai. Ke za ki buɗe folda wadda babu ko fayil ɗaya a cikinta, ke za ki kafa saba, kwamfutar da za ta zauna tana amsa wa wayoyin mutanensu daga Bawku har Zebilla. Yadda kika kafa ta a makon farko, haka za su zauna da ita shekaru. Ni na yi irin wannan aiki a Yendi ban iya ba. Kin sha jin labarin a gutsure, yau ga shi a jere.

Kina firamare lokacin, babanki yana koyarwa a Yendi, ni kuma ina zaman shagon intanet, ina buga wa mutane takardu, in babu kowa in koya wa kaina rubuta kod. Alhaji Dawuni, shugaban 'yan doya da direbobinsu, shi ya zo ya same ni. Damuwarsa ɗaya ce. Babbar mota tana tashi zuwa kudu, manoma a ƙauye ba su san ranar ba, wani ya fito da doya babu mota, wata rana mota ta tsaya babu doya. Yana son abin da sakataren ƙungiya zai shiga ya rubuta rana da mahadar da mota za ta tsaya, saƙo ya tafi wayar kowane manomi. Ya ce, "Madam Safiya, an ce kin iya. Za ki iya?" Na ce zan iya. Rabin abin da ake bukata na sani a lokacin.

Da yake ina tsoron folda marar komai, sai na nemi wani da muka yi kwas tare a Tamale ya turo mini aikin da ya yi wa wani otal na kama ɗaki. Na ga ai kusan abu ɗaya ne, mutum yana neman wuri a wata rana. Na canza rubutun da ido ke gani, na bar na ciki yadda yake. Saboda haka a rumbun bayanai, inda saba ke ajiye komai, kowace mota sunanta ɗaki, kowane manomi baƙo, doya kuma kayan baƙo. Akwai fayiloli masu yawa da ban taɓa buɗewa ba. Akwai wani shafi na odar abincin safe da ya zauna a ciki har aikin ya mutu, don duk lokacin da na cire shi sai wani abu dabam ya daina aiki, ban kuma gano dalili ba.

Yanzu abin ya fi sauƙi, ya kuma fi saurin ruɗar mutum. Umarni ɗaya za ki buga, a zubo miki aiki cikakke da fayiloli birjik, ko ki tambayi manhajar nan da ke rubuta kod ta rubuto miki. Ban hana ki ba. Amma kafin ki ƙara layi ɗaya, ki buɗe kowane fayil ki karanta, wanda ba ki san amfaninsa ba ki bincika, wanda ba ki bukata ki cire tun yana ciruwa. Ki fara da saba wadda abu ɗaya ta iya, a kira ta ta amsa cewa tana nan. In ta amsa a kwamfutarki, ki ɗora ta inda za ta zauna ki ga ta amsa a can ma. Sannan ki haɗa rumbun bayanai, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki kira albasa albasa.

Sabar Yendi kwamfutar tebur ce a ƙarƙashin teburin sakatare, da wata 'yar na'ura mai layin waya a jikinta, ita ke tura saƙonni. A kanta nake rubutu, a kanta nake gwaji, a kanta ƙungiya ke aikinta. Rumbun bayanai ɗaya ne, da lambobin manoma na gaske a ciki. In zan gwada saƙo, akwai wani layi a kod da nake canzawa da hannu ya koma lambata kaɗai, in na gama in mayar. Na daɗe ina yin haka ba abin da ya faru, har ya zame mini jiki.

Wata ranar Talata da la'asar, farkon sabuwar doya, ina gyara yadda saƙo ke fita da Dagbanci, yaren manoman can, sai na rubuta na gwaji: mota za ta tsaya a babbar mahadar hanyar Bimbilla gobe da safe. Na tura. Wayata ta yi ƙara, na duba, rubutu ya fito daidai. Na rufe ofis na biya kasuwa na sayi kayan miya na tafi gida. Ban canza layin ba. Lambata tana cikin jerin manoma tun ranar farko, shi ya sa saƙon ya zo mini kamar kullum, ban ga wani bambanci ba.

Da hantsi na iso ofis na tarar da Alhaji Dawuni a tsaye bakin ƙofa, waya a kunne, wata wayar a hannu tana ruri. Da ya ajiye ya ce, "Madam, wace mota ce za ta tsaya hanyar Bimbilla?"

Na ce babu mota sai Asabar.

Ya miƙo mini wayar na karanta rubutuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shiga mota mu je ki gani."

Mun tarar da doya jibge a gefen titi, tuli bayan tuli, an rufe wasu da ganye, wasu a fili. Mutane sun taso daga ƙauyuka da kekuna da babura da amalanken shanu, wasu a kai suka ɗauko. Yawancinta irin doyar nan ce da ake kira puna, kin kuwa san puna, sabuwar haƙa ba ta jure rana. Waɗanda ke kusa sun fara kwashe tasu. Na nesa suna zaune suna kallon hanya. Alhaji ya fita ya yi musu bayani da Dagbanci, ni ina tsaye a bayansa. Aka yi ta hayaniya.

Wata dattijuwa ta taso daga gindin bishiya ta nufo ni. Mma Azara ake kiranta, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gonar. Da saƙon ya zo ta tara mutane suka haƙe mata abin da ta yi niyyar bari har wata mai zuwa. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Kai ne ya rubuta?"

Na ce, "Ni ce, Mma. Kuskure ne, gwaji nake yi."

Ta ce, "Gwaji na mene?"

Na ce ina so in ga ko saƙon yana tafiya.

Ta waiwaya ta dubi doyarta, ta dawo da ido kaina. Ta ce, "Ya tafi."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro waya, wata ƙarama mai madannai, ta ɗaga ta. Ta ce, "Cire lamba na a ciki. In mota ya zo, zan ji ƙara shi."

Alhaji ya nemo ƙananan motoci da rana tsaka aka kwashi doyar zuwa kasuwar Yendi. Kasuwa ta cika da doya a ranar da ba ta kasuwa ba, aka sayar yadda aka samu, wadda rana ta dafa aka bar wa masu tuya. Na cire lambar Mma Azara da yamma kamar yadda ta ce. Ba ita kaɗai ta nema ba. Ranar Asabar aka tura saƙo na gaskiya, mutane da yawa suka ƙi fitowa sai da suka kira wani ya tabbatar, motar ta tashi ba ta cika ba. Sai da aka shekara kafin a daina kiran ofis ana tambaya, wannan na gaske ne ko na Madam ne.

Don haka tun ranar farko, tun ba ki da mai amfani ko ɗaya, ki raba wurin gwaji da wurin aiki. Rumbun bayanai biyu, sunaye mabambanta. Na gwaji ki cika shi da mutanen ƙarya da lambobin ƙarya. Ki tsara yadda a kwamfutarki saƙo ba zai iya fita ba sam, sai dai ya bayyana a allo ki karanta. Kada tsaron ya zama abin da za ki tuna ki yi, don wata rana za ki gaji, ko a kira ki a waya kina tsakiyar aiki, ko hankalinki ya tafi kan abin da za ki dafa. Ni ba sakarya ba ce a ranar nan, kuma ba ranar ce na yi kuskuren ba. Na yi shi ne tun makon da na kafa aikin na ce rumbu ɗaya ya isa.

Wannan ya haɗa da inda za ki ajiye kalmomin sirri. Ni a cikin kod na rubuta su, ta rumbun bayanai da ta sakatare duka. Akwai lokacin da wani abu ya gagare ni, na dunƙule foldar gaba ɗaya na tura wa wani da na haɗu da shi a dandalin masu kod, mutumin da ban san ko fuskarsa ba. Ya taimaka mini, na gode masa. Sai bayan watanni na tuna abin da ke cikin foldar. Ban san ko wani ya taɓa shiga ba, kuma ba ni da hanyar sani, don ban sa sabar ta riƙa rubuta wanda ya shiga da abin da ya yi ba. Ki ware saituna da kalmomin sirri a fayil nasu dabam wanda ba ya bin kod ko'ina. Ki ajiye samfurinsa da gurabe babu komai don mai zuwa ya san abin da zai cike. Lambobin matan Zebilla amana ce, ba su ba ki don su yi yawo ba.

Bayan abin da ya faru a mahada na sa tsaro a kod, ya zamana sai an tabbatar sau biyu kafin saƙo ya fita ga jama'a. Amma ga yadda nake ajiye aikina a lokacin. In zan yi babban canji sai in kwafi foldar in sa mata suna. Akwai sabo, akwai sabo biyu, akwai na ƙarshe, akwai na ƙarshe na gaske, akwai wadda na sa wa kar a taɓa. Wata rana na yi gyara a cikin na ƙarshe na ɗora ta, ashe tsaron yana cikin sabo biyu. Kwanaki sabar tana aiki ba tsaro ban sani ba. Sakatare ya danna tura bisa kuskure, abin da ya cece mu kawai shi ne katin layin ya ƙare. Ban gaya wa Alhaji ba sai da na gyara, da na gaya masa ya ce, "To a riƙa barin katin yana ƙarewa."

Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canjin kod, yana nan a lokacin, na ji sunansa, na ce sai aiki ya yi girma. Ke kin iya shi, ba sai na koya miki ba. Abin da zan ce kawai shi ne ki kunna shi kafin fayil na farko, ki riƙa ajiye canji ƙanana, ki rubuta dalilin kowane canji da kalmomin da za ki gane bayan shekara. Kuma ya zama ta hanya ɗaya kod ke isa saba, daga ma'ajiyar nan, ba daga abin da kika jawo da hannu ba.

Abin da ya kashe aikin dabam ne, kuma shi ne wanda kika gani da idonki, ko da yake ba na jin kin fahimci abin da ake yi. Da cikin ƙaninki Mubarak ya tsufa na dawo Salaga gidan kakarki Hajiya Ramatu, na taho da ke. Na bar aikin a hannun Fusaini, mai gyaran kwamfuta a bakin tasha, mutum mai natsuwa wanda ya fi ni sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Na ba shi filashi mai kwafin kod da kwafin rumbun bayanai, na ga na yi abin da ya kamata. Ana gobe suna aka yi ruwa da tsawa a Yendi, wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone.

Ƙungiya ta sayi wata. Fusaini ya zuba abin da ke filashi, abu ya ƙi tashi. Ya kira ni, ina ɗaki cike da mata 'yan barka. Ya ce, "Anti Safiya, ina ganin filashin da kika ba ni ba shi ba ne. Wannan na otal ne, ɗakuna ne da baƙi a ciki." Na yi masa bayani. Ya ce to me zai fara sakawa. Na faɗa masa abin da na tuna. Ya sake kira, na sake faɗa. A kira na gaba kakarki ta karɓe wayar ta ce masa mai jego ba ta da ofis, ta kashe ta sa a ƙarƙashin filonta.

Lokacin doya ne, motoci na tashi. Bayan kwana biyu sai ga Fusaini a ƙofar gida a kan babur, ja wur da ƙasar hanyar Bimbilla, kwamfuta a bayansa an naɗe ta da bargo an ɗaure da roba, allon kuma a goye a ƙirjinsa. Kakarki ta fito ta dube shi ta dubi kayan. Ta ce, "Wa ya aiko ka?" Ya ce Alhaji Dawuni, yana gaisuwa yana barka. Ta ce, "Barkar ke nan a bargo?" Ya sunkuyar da kai. Ta sa aka ba shi ruwa da tuwo, ta ce in ya ci ya koma da kayansa. Ni na roƙe ta. Ta yarda bisa sharaɗin ba zan taɓa ba sai bayan wankan safe, kuma in yaro ya yi kuka a kashe kwamfutar.

Aka kife turmi a ƙofar ɗakina aka ɗora allon. Fusaini na zaune a tabarma daga waje yana bugawa, ni ina daga ciki da Mubarak a cinya ina faɗa. A nan na gane ni ma ban sani ba. Ban tuna wane zubi na harshen kod ɗin na saka ba, sabon zubin da Fusaini ya sauke daga intanet ya ƙi tsohon rubutuna. Akwai wani ƙari da na saka tun farko don na'urar saƙo ta yi magana da saba, sunansa ya ɓace mini. Akwai canje-canje da na yi wa rumbun bayanai da hannu a tsawon shekaru, kwafin da ke filashi kuma tsoho ne, ya girmi wasu daga cikinsu. Fusaini ya ce, "Anti, ba ki rubuta a wani wuri ba?" Na ce a'a. Ya ce, "Ko a takarda?" Na ce ina ganin ba zan manta ba. Ya ci gaba da bugawa.

Ya kwana a zauren kawunki kusan mako, shagonsa a rufe. Muka tashe ta a ƙarshe, ya ɗaure ya koma. Da ya isa Yendi ya tarar Alhaji ya naɗa mutum ɗaya a kowane ƙauye, direba ya kira shi, shi kuma ya zaga ya faɗa. Abin yana tafiya. Bayan arba'in na koma na je gaishe da Alhaji. Ya karɓi Mubarak ya yi masa addu'a, ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Madam, aikinki ya yi mana amfani. Amma abin da in mutum ɗaya ya kwanta shi ma ya kwanta, ba za mu iya ɗora doyar mutane a kansa ba. Mu bar shi haka." Na ce gaskiya ne. Kwamfutar ta koma ta buga wasiƙun ƙungiya.

Saboda haka fayil na farko da za ki rubuta, kafin kod, shi ne wanda ke bayanin yadda ake tayar da aikin daga kwamfuta wadda ba ta san komai ba. Me za a saka, wane zubi, wane umarni ke bin wane. Duk abin da aikin ya dogara da shi ya kasance a rubuce a fayil da lambar zubinsa. Duk canjin da za ki yi wa rumbun bayanai ki yi shi ta fayil da ke bin kod, kada ki shiga ki gyara da hannu ko da kina sauri. Sannan ki gwada bayanin. Ki sami wani, ko sakatariyar ƙungiya ce in tana da ƙarfin hali, ki ba ta kwamfuta da fayil ɗin, ki zauna a gefe ki rufe bakinki. Duk inda ta tsaya, bayanin ne bai cika ba, ki gyara shi a take. Haka ma kwafin rumbun bayanai. Ki sa ya riƙa yin kansa kullum, ya tafi wani wuri da ba ofis ba, kuma lokaci lokaci ki ɗauko shi ki tayar da shi ki gani. Ni ina da kwafi, ban taɓa gwada shi ba sai a kan turmi.

Kada ki ajiye saba a ƙarƙashin teburin kowa. Yanzu ana hayar wuri a intanet, ki yi haka, kuma asusun ya kasance da sunan ƙungiya, shugabarsu ta san yadda ake shiga. In da sunanki ne, ranar da kika tashi sun tashi. Ki tuna kuma wayoyin da za su kira sabar ba irin taki ba ne, kuma layi a ƙauyukan can yana zuwa yana tafiya. Ki je kasuwar albasa ki ari wayar wata ki buɗe shafinki a kai tun yana abu ɗaya, kafin ki yi nisa.

Za su matsa miki a makon farko su ga wani abu a allo. Duk abin da na lissafa ba ya ganuwa, shugabar ƙungiya za ta leƙo ta ga baƙin allo da fararen haruffa ta yi zaton ba ki fara ba. Ki gaya mata gaskiya cikin ladabi, ki ba ta ranar da za ta ga shafin farko, ki cika. In akwai abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba tukuna. Da na faɗa wa Alhaji Dawuni haka a shagon intanet, da ya ba ni lokaci, mutum ne mai haƙuri, ni ce ban tambaya ba.

Game da garin kuwa, kin san rikicin da ke tashi wani lokaci. In an sa dokar hana fita, ki rufe kwamfuta da sauran rana ki kama hanyar gida, ba gyaran da ya kai wannan. Ki gai da kowa, ki yi ciniki da kowa, maganar da ba taki ba kada ki sa baki, a fili ko a waya. Gwaggonki Ladi da za ki zauna wurinta ta daɗe a can, in ta ce yau ba a bin hanya kaza, kada ki tambayi dalili.

Bayan Yendi na yi ayyuka da dama, wasu sun rayu wasu sun mutu don dalilansu. Wanda na yi wa mai kantin maganin nan na bakin kasuwa, mai reshe a wasu garuruwa, shi na kafa yadda na faɗa miki daga farko har ƙarshe. Da na gama na miƙa wa wata ma'aikaciyarsa, ta bi bayanin ta tayar da shi a gabana ban ce uffan ba. Rabon da su kira ni har na manta. Kwanakin baya na haɗu da mai kantin a wurin ɗaurin aure, muka gaisa, ya tambayi babanki, ya tambayi jikin kakarki, bai ambaci manhajar ba ko sau ɗaya. Ina jin ya manta ni na yi ta. A duk ayyukana shi ne wanda hankalina ya fi kwanciya da shi, kuma irinsa nake so ki bar wa masu albasa ranar da za ki bar Bawku.

Ba zan nemi ganin kod ɗinki ba sai in ke kika nuna mini. Kin fi ni sanin kayan aikin yanzu, kuma za ki yi naki kuskuren da ban san da shi ba balle in gargaɗe ki. Na yi iya ƙoƙarina in ga kin tashi ba sai ina kusa ba, ina kuma ganin kin tashi. Amma ke ba kantin magani ba ce. Ki riƙa kira, ko babu abin da ya lalace.

Babanki yana gaishe ki, Mubarak ma haka, kakarki ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ki miƙa gaisuwata ga Gwaggo Ladi da mutanen gidanta. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya zaunar da garin lafiya, Ya sa albarka a hannunki, Ya kare ki daga cutar da wani da aikinki ko da ba da niyya ba. Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam,
Mahaifiyarki,
Safiya